Ankon Gwaggo Mai Gida-Gida

Da aka sa ranar auren yayata, Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ce ita za ta fitar da anko. Umra ta kawo ta Jidda ta zauna, tana sayar da turare da lalle a kasuwar Balad, kuma a ganinta babu wanda ya kai ta sanin kaya. Dangin ango kuwa haifaffun nan ne tun kakanni, masu gidansu a unguwar Madain Fahd, irin waɗanda ke duban ƙafarka kafin su amsa sallama. Tsoron yayata ɗaya ne: kada ta shiga gidan nan da abin da za a riƙa yi mata gori.

Gwaggo ta shigo da bandir ta shimfiɗa a tsakar falo. Yadi ne mai gida-gida, baƙi da ruwan ɗorawa, da farin layi, da siririn ja, da shuɗi.

"Tartan sunansa," in ji ta. "Na sarakunan Turawa ne, daga wani gari Konwal. Mai shagon ya rantse mini."

Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, ba na magana sai an tambaye ni. Na yanki ƙyalle na je na bincika. Akwai tartan na Konwal, kuma launukan sun yi daidai: shuɗin teku ne, jan kuma bakin wani tsuntsun yankin ne da ƙafafunsa. Amma na gaske saƙa shi ake yi da ulu. Jerin launukan zaren tsaye shi ne na zaren kwance, inda biyu suka haɗu sai su haifi launi na uku, kuma saƙar tana tafiya a karkace. Na Gwaggo yadin roba ne da aka buga wa zane a fuska ɗaya. Bayansa fari fat.

Wannan ma da sauƙi. Duk wanda ya girma a Jidda ya san yadi mai gida-gida: futa ce, zanen da masu dako a tashar jiragen ruwa ke ɗaurawa a ƙugu, tsofaffi kuma su sha iska da ita a gida.

Yayata ta roƙe ni in faɗa. Na faɗa wa Gwaggo, a hankali, ina juya mata bayan ƙyallen.

"Ke 'yar boko, bayan yadi za a kalla ko gabansa?"

"Gwaggo, zai yi kama da futa."

"Futar gidanku! Halas, magana ta ƙare, an kai wa tela. Yalla, tashi a gwada ki."

Na tashi aka gwada ni, don ita ce uwar biki. Telan ma bai damu ya haɗa layuka a wurin ɗinki ba. Farin layin rigata ya taho daga kafaɗa, ya iso ƙirji ya karye, ya ci gaba can ƙasa kamar bai san inda ya fito ba. Matan gidanmu suna ta juyi gaban madubi suna cewa sun fito kamar a Landan.

Muka shiga zauren biki a jere, muna zufa cikin roba. Uwar ango ta taso da fara'a, ta kama gefen mayafin Gwaggo, ta murza, ta juya bayansa.

"Masha Allah, ya Hajiya! Jirgi ne ya iso? Wa kuka bar wa sauke kayan?"

Dariya ta tashi daga teburin 'yan'uwanta. Gwaggo ta yi murmushi, ta fara bayanin sarakunan Konwal. Na dubi yayata a kan kujerar amare. Idonta na kan tafin hannunta, ba ta ɗago ba har aka kawo abinci.

'Ya'yanta uku yanzu, amma a gidan mijinta har yau "'yar masu futa" suke kiranta, wai wasa ne. Gwaggo kuwa ta ce hassada ce, ba su taɓa ganin irinsa ba.

Ragowar bandirin babanmu ya ɗauka. Da la'asar yakan ɗaura shi a ƙugu ya zauna a baranda da shayinsa. Ƙorafinsa ɗaya, yadin ba ya shan zufa.