Ɗakin da Baba Bukar Bai Gina Ba

Ina cikin aji a Maine-Sorowa ranar Talata da hantsi ƙanena Modu ya kira ni. Ya ce, "Yaya Fanna, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati na zauna a kan bencin ɗalibai. Ina jin kunyar faɗa, amma abin da ya fara zo mini a rai shi ne, wa zai duba kifayensa?

Mahaifinmu manomin tattasai ne a bakin Komadugu, wajen Tumur. Da tashin hankali ya koro mu Diffa bai taɓa zama yana lissafa abin da ya bari ba. Ruwa kaɗai ya yi kewa. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi, ya ajiye a zaure, ya zuba karfasa da kurungu da wani masunci ya kawo masa. Wani ɗan inji ne ke hura musu iska, yana shan wuta daga batirin hasken rana. Ba ya karya kumallo sai ya ba su nasu. Yakan ce, "Akuya in ta ji yunwa za ta tashe ki. Waɗannan sai dai ki tuna da su da kanki."

Wayoyi da tiyo da batir duk a fili suke a zauren, kuma abin yana damunsa. Shi ya sa ya auna musu ɗaki a bayan bango, cikin tsakar gida. Ya share wurin, ya kafa turaku, ya ja igiya. Batir a sama inda ruwa ba ya kai, duro a ƙasa don ruwan famfo ya kwana kafin a zuba, magudana ta gangara gindin zogale, taga ta kalli arewa saboda zafi. Sai ƙofa da kwaɗo. A kan ƙofar nan ya fi nacewa. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba har cewa yake in ɗakin ya tashi zai gwada kifin ruwan gishiri da murjani, irin waɗanda yake kallo a salula.

Inna takan ce, "Malam, mu muna gasuwa a ɗakin langa-langa, inji za a yi wa taga?"

Ya ce, "Ke kina da mafici, Hajiya."

Zuwana na ƙarshe ya ce in zauna ya nuna mini yadda komai yake tafiya. Na ce mota za ta tashi, sai wani zuwan.

Da aka zauna makoki maza suka cika zaure, mu mata muna ciki. Ba yadda zan ratsa dattawa in je duba kifi alhali jiya aka binne ubana. Na aiki Modu. Ya dawo ya ce lafiyarsu lau, duk sun taso sama suna buɗe baki. Shi bai san ma'anar haka ba, ni ma ban sani ba.

Sai bayan addu'ar uku da zaure ya sarara na shiga. Salula huɗu na tarar a jikin batir, wayar injin iska tana yashe a ƙasa. Karfasan duk sun juya ciki sama. Kurungu ɗaya ne ya rage a ƙasan gilashin yana motsi da ƙyar. Na mayar da wayar, na tsaya ina kallon kumfa na tashi, na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

Ban ga laifin kowa ba. Mutane ne da suka taso daga nesa don yi masa addu'a, suna so su sanar da gida sun iso. Matan da suka yi girkin baƙi su ma sun ga wuri a share, suka kafa murhu a kan awon ɗakin. Turke biyu suka rage. Bai rubuta komai a takarda ba, kuma ba mu san inda taga take ba balle ƙofa.

Da zan koma aiki, Inna ta sa aka ɗauko akwatin da batirin aka kai ɗakinta, kusa da tabarmar takabarta. Na ce, "Inna, kin san yadda ake kula da shi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Amma wata huɗu da kwana goma ba inda zan je, ba mai taɓa wayar nan ina zaune. Bayan nan kuma ban san yadda za mu yi ba."

Ya Allah Ka jiƙan Baba Bukar, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka ba Inna da Modu haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe mini saurin da na yi ran nan don kada mota ta bar ni.