Ruwan Da Ba Ya Cikin Jadawali

Shekararsa hamsin da takwas, kuma shi ke buɗe ƙofar dam tun kafin a ja wuta zuwa ɗakin gadi. Baba Mai Ƙofa kowa ke ce masa. Aikinsa ya duba ma'aunin ruwa da safe, ya juya ƙarfen ƙofa gwargwadon abin da ofis ya yanka. Sai dai shi da jama'a yake zaune. In masu lambu na gangare sun yi dashe, yakan ƙara musu. In an yi rasuwa a ƙetare, yakan rage don masu jana'iza su haye. Ofis bai taɓa sani ba.

Bana aka turo wata injiniya da kwamfuta, wai za ta koya wa na'ura yadda ake sakin ruwa kullum, don a riƙa hasashen na gobe.

"Baba, yadda ka saba za ka yi," in ji ta. "Ni kallo ne nawa."

A gida ya ce wa matarsa, "Mai kallon hannunka yana murmushi, kujerarka yake aunawa."

"Kai dai, Malam, ko inuwarka ba ka yarda da ita ba."

Duk zaman da injiniyar ta yi, bai ƙara ɗigo ba, bai rage ba. In masu lambu sun bugo waya sai ya kife ta. Na'ura ta koyi abin da aka nuna mata, jadawali ya fito babu ruwan dashe a ciki. Ofis ya ce wanda ya saɓa masa a bakin aikinsa, Baba kuwa ritaya ta kusa.

Ƙanin matarsa ya zo da dashen tumatir a hannu, duk ya yi yaushi. "Yaya, kwamfutar ce za ta shayar da wannan?"

Ita ma injiniyar ta bugo waya. "Baba, lissafina ya ƙi dacewa da na shekarun baya. Ko akwai abin da ban gani ba? Faɗa mini in gyara."

Ya juya maganar a ransa. Gyara take nema, ko shaida?

"Babu komai, 'yata."

Jiya da hantsi ya ƙara wa ƙarfen juyi, ruwa ya gangara lambuna. Sannan ya jawo benci ya zauna, fuskarsa na kallon hanyar da motar ofis ke biyowa.