Jan Layin Mai Sito

An daɗe ana yaɗawa wai Mai Sito ya haɗiye makullin rumbun gwamnati, sai ya yi tari uku ƙofar take buɗewa. Ƙarya ce. Makullin yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, har wanka da shi yake shiga.

Shekara ashirin da biyu yana tsaron buhunan hatsi na ajiya. A da, duk ogan da ya aiko da 'yar takarda sai a ɗora masa buhu a mota. Da ambaliya ta zo, aka buɗe sito aka tarar da buhu bakwai da ɓeraye masu tumbi. Bayan nan aka kafa doka, aka ja jan layi a bango: kada tulin buhuna ya sauka ƙasa da shi sai da sa hannun mutum uku. Wanda ya saɓa, kora, ba fansho. Mai Sito ya rungumi dokar nan, har matarsa ta ce ko gishiri ta roƙa sai ya nemi sa hannu.

Wata Talata gada ta karye, motar abincin asibiti ta maƙale a ƙetare. Shugabar kicin ɗin asibitin ta zo da sa hannu biyu, na ukun ya tafi taro. Buhuna kuwa daidai layi. Saura wata takwas Mai Sito ya yi ritaya.

Taubashinsa, direban ofis, ya ce, "Yaya, ba ta goma ka cusa bulo a ƙarƙashi. Layi ba shi da ido."

"Ni ina da shi."

Ya ba ta goman. Ya ɗauki alli ya ja farin layi inda tulin ya tsaya, ya rubuta kwanan wata, sannan ya taka ya kai ƙarar kansa. An dakatar da shi mako uku, amma ba a kore shi ba. Aka ƙara wa dokar sharaɗi: in asibiti ne, sa hannu biyu ya isa, a mayar cikin kwana talatin. Ranar ashirin da tara buhunan suka dawo, ya goge allin da hularsa.

Taubashin bai ƙyale shi ba. "Ashe jan layin naka roba ne, Yaya. A ja ya miƙe."

"Roba tana komawa inda take," in ji Mai Sito. "Tsanina da ka ara bara waccan, ya koma?"