Faifan Kulocin da Ban Nemi Gani Ba

Lokacin da wannan abu ya faru ina budurwa, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a cikin garin Haɗejiya. Tun ana kashe sule da sisi ne. Ni mutum ce mai yawan shiru da dogon tunani. In na taso daga makaranta nakan zauna a inuwar gidanmu ina rubuta 'yan baitoci a bayan littafin darasi, a kan kogi da tsuntsayen fadama. Mahaifina tsohon direba ne, yanar ido ta rufe masa gani, ga shi mu biyu Allah ya ba shi, ni da yayata da muke kira Adda, duk mata. Shi ya sa ya koya mini tuƙa tsohuwar akori-kurarsa, don kada ta ruɓe a ƙofar gida. Mutanen unguwa sun yi surutu har sun gaji, ranar da wani ya kwanta ciwo kuma ƙofarmu ake bugawa.

Akwai ɗan gwaggona, bakanike, yana da gareji a bakin tasha. Taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna. Yakan ce ni malamar da ke tuƙi da ƙafa, hankali kuwa yana can cikin gajimare, ni kuma in ce masa ko an wanke shi da sabulu bakwai sai an matso baƙin mai a jikinsa. Daga wasa abin ya zama so, har aka yi mana baiko da yardarmu. Rabin baitocin da nake rubutawa a lokacin nasa ne, ko da yake ban taɓa nuna masa ba.

Da damina ta yi nisa sai motar ta fara wani hali. In na taka totur inji ya yi ta kuka, ita kuwa tana tafiya kamar mai jin barci, in muka zo hawa kuma sai wani ƙauri ya taso daga ƙasa. Baba yana zaune a gefena ya ce in tsaya, in sa giya ta sama in saki kuloci a hankali. Na saki, injin bai mutu ba. Ya kaɗa kai ya ce kuloci ne yake zamewa, faifan ya cinye, kuma ba gyaran da za a jinkirta ba ne, domin Adda tana da tsohon ciki a wani ƙauye bayan Auyo inda take aure, kuma motarmu ce kaɗai abin dogaronta in haihuwa ta zo da gardama. A Haɗejiya ba a samun faifan. Baba ya yi aike Kano, aka sako shi a jirgin ƙasa, ni da kaina na je Malam Madori na karɓo shi a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Na kai wa taubashina shi tare da motar da hantsi, ya karɓa yana dariya, ya ce amarya ta kawo lefenta da kanta.

Kafin azahar sai ga shi ya kawo motar ƙofar gida, an wanke ta tana sheƙi. Na yi murna, na ɗauka don ni ce ya ajiye aikin kowa. Da ya tafi Baba ya ce canjin faifai sai an sauke giyabos, wato akwatin giya, aikin yini guda ne, yaya aka yi ya gama da wuri haka. Ya tambaye ni ko an ba ni tsohon faifan. A ƙa'idar direbobi, in bakanike ya canza maka ƙarfe sai ya miƙo maka tsohon ka gani da idonka, ko ubanka ne mai garejin. Baba ya sha faɗa mini wannan. To amma ni sai na ga ta yaya zan tsaya gaban mutumin da zan aura in ce ya nuna mini shaida, kamar na kama ɓarawo. Kunya ta hana ni komawa, kuma ban so Baba ya zarge shi. Sai na ce na gani, ya cinye har ƙusoshi sun fito, na bar shi a gareji. Wannan ce ƙaryar da na yi wa mahaifina, makaho, wanda ya ba ni amanar idonsa. Motar kuwa ta ɗan yi dama, tana ja a cikin gari, sai hankalina ya kwanta.

Bayan kwana tara, da sassafe, mijin Adda ya iso a kan keke, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ga ruwan kogi ya fara hawa hanya. Na tafi da shi ba tare da na karya ba. Zuwa lafiya lau, domin motar ba kaya. Muka shimfiɗa katifa a baya muka kwantar da Adda, ungozoma da surukarta suna riƙe da ita, mijin da ƙanensa suka hau su ma. Adda ta kama hannuna ta ce autar Baba, ki kai ni, na ce mata in Allah ya yarda kafin rana ta take muna asibiti.

Akwai wani kwari da hanya ke gangarawa cikin fadama ta sake hawa tudu, shinkafa kore shar dama da hagu. Ruwa ya riga ya kwanta a wurin. Na shiga da giya ta ɗaya, muka ratsa laka, muka kama hawan. A tsakiyar hawan inji ya ɗauki kururuwa, motar ta tsaya cak, sannan ta fara zamewa baya. Ƙaurin nan ya cika mini hanci, hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙafata. Na taka, na saki, na sake takawa, ba abin da ya kama. Manoma suka fito daga gonaki suka tura mu har kan tudun, amma ko a miƙaƙƙiyar hanya ta ƙi motsi, inji yana juyi shi kaɗai. Ina jin nishin Adda a bayana. Aka ɗauke ta a kan katifar zuwa bakin ruwa, wani masunci ya sa ta a jirginsa, daga can aka samo keken shanu. Sai bayan la'asar muka isa. An ceci Adda da ƙyar. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba, ungozomar asibiti ta ce mun makara.

Taubashina ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure ya yi kuka tare da mu. Da aka tambaye shi yadda sabon faifai zai ƙone cikin kwana tara, sai ya ce ai ya sha yi mini faɗa, ina tuƙi ina ɗora ƙafa a kan kuloci ina tunanin waƙa, ko faifan ƙarfen jirgi ne sai na cinye shi. Ya faɗa da taushin murya, kamar mai nema mini uzuri. Kuma na yarda, domin na san ina da wannan halin wani lokaci. Na yi makonni ba na iya haɗa ido da Adda, ina ganin ƙafata ce ta kashe mata ɗa. Shi kuma yana zuwa kullum da yamma yana ba ni haƙuri, yana cewa in daina zargin kaina, ƙaddara ce.

Baba ne bai gamsu ba. Ya sa shanu suka jawo motar, ya aika Malam Madori aka kira wani tsohon bakanike abokinsa. Tsohon ya shiga ƙarƙashin mota, bai daɗe ba ya ce 'yata, sunkuyo ki gani. Ya nuna mini notocin giyabos, tsohuwar laka ta bushe a kansu ta haɗe da tsatsa, ba alamar sifana ta taɓa su. Ya nuna mini sandar da ake daidaita kuloci da ita, nan ne kaɗai aka taɓa, an murɗa ta don faifan ya ɗan kama na 'yan kwanaki. Da ya sauke giyabos ɗin da yamma, tsohon faifanmu ne a ciki, ya ƙone ƙurmus. Baba ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina, ya ce ashe ban ga komai ba. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Bai zage ni ba, ya dai ce in tashi, ƙasa da sanyi. Na fi son a ce ya mare ni.

Daga baya muka ji inda sabon faifan ya tafi. Wani babban dillalin bandar kifi ne motarsa ta sami irin matsalar a ranar, kaya na jiransa, kuma ya yi wa taubashina alkawarin ba shi gyaran duk motocinsa. Da Baba ya tsare taubashin nawa bai musa ba. Ya ce niyyarsa ya sayo wani ya sa mana cikin mako, ya ga ai mu na gida ne, za mu iya jira, wa ya san haihuwar za ta zo haka. Na tambaye shi abu ɗaya, yaya ya iya zama kusa da ni duk yammacin nan yana kallona ina ɗauke da laifinsa. Ya sunkuyar da kai. Na mayar da kayan baiko. Gwaggo ta yi shekara ba ta taka gidanmu ba, dangi suka ce na raba zumunci a kan ƙarfe. Adda kuwa ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba har yau, kuma Allah bai sake ba ta namiji ba.

Na yi shekaru ina juya abin a raina. Cin amanar nasa ne, wannan ba shakka, amma ni na buɗe masa ƙofa ranar da na zaɓi kunya a kan tambaya, na kuma rufe bakin Baba da ƙarya. Abin da na koya shi ne, wanda ya san kina sonsa ya san ba za ki bincika ba, in kuwa ba mai tsoron Allah ba ne, da ke zai fara. Ina roƙon masu karatu, musamman 'yan'uwana mata masu taushin zuciya, in rai ya rataya a kan wani aiki, ku nemi gani da idonku ko hannun wa aikin yake. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. In kuma babba ya tambaye ku abin da ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba. Da na faɗi haka a ranar, da Baba ya tura ni garejin kafin la'asar.