Tambayar da Na Kai Jidda Kan Jinin Cibiya

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Tandabawi a Makka, ni da 'yata mai cikin wata bakwai, da mijinta da ke jan mota, da jikata 'yar shekara shida a kan cinyata. Ita jikar tawa sikila gare ta. Wani asibiti a Jidda ya ce idan an haifi ƙaninta za a iya ɗibar jinin cibiyarsa a ajiye, wataƙila a dasa mata. 'Yata kuwa ta ce ba za ta sa hannu ba sai na yarda. Ni kuma ban yarda ba, domin na ji matan unguwa na cewa da 'yan tayi ake haɗa wannan magani.

Kafin mu fita Makka muka tsaya wurin mai tamis, burodin nan mai faɗi, har yanzu riyal ɗaya. Muka haɗa da ful, dafaffen waken nan, da shayi. Jikata ta cinye gefen da ya gasu ta bar mini tsakiya, wai na masu haƙoran roba ne. Titin Jidda sumul yake, duwatsu baƙaƙe dama da hagu. A shingen Shumaisi askari ya leƙo, ya ga tsohuwa da mai ciki, ya ɗaga mana hannu.

Sanyin asibitin ya fi ƙarfina, na naɗe yarinyar da mayafina. Likitar mace ce, Larabci take yi, surukina yana fassarawa. Na bari ta gama, sannan na ce ya tambayar mini: ran wa za a taɓa?

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera kusa da ni ta zana a takarda. Ta ce akwai ƙwayoyi a jiki da ba su riga sun zama komai ba, su ne ke iya zama jini ko wani sashe. Wasu masu bincike daga tayi na 'yan kwanaki suke samo su, kuma idan an ɗiba, tayin ba ya rayuwa. Ashe matan unguwa ba ƙarya suka yi ba, rabin zance suka ji. Ta ce a kan wannan ne mutane ke ta muhawara. Surukina, da yake ɗalibin ilimi ne, ya ƙara da cewa malamansa sun hana a samar da tayi da gangan don a lalata shi. Likitar ta ce na cibiya kuwa daban ne: sai jariri ya fito ya yi kuka, an yanke cibiya, sannan a zuƙe jinin da ya rage a igiyar.

Mabiyiyar 'ya'yana duka uwata ce ta wanke ta binne, ta wannan jikar kuma ni na binne da hannuna. Ban taɓa tunanin akwai magani a ciki ba.

'Yata ta ce, "Inna, in zuciyarki ba ta kwanta ba, mu tafi gida."

Na ce, "Ba ni takardar sa hannun."

Da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci na bi fassarar da surukina ya rubuta mini, layi bayan layi, yatsana a kai. Na daɗe, kuma ba wanda ya hanzarta ni. Likitar ta gaya mana gaskiya, ta ce ba lallai jinin ya dace da na yarinyar ba, kuma ko ya dace dashen akwai wahala. Wannan maganar ce ta sa na amince da ita. Na roƙi abu ɗaya, kada a jefar da abin da ya rage a shara. Ta ce binnewa ake yi. Na miƙa wa 'yata biro.

Da la'asar muka juyo, jikata na barci, hannunta riƙe da cikin uwarta. Muka shigo Makka ana kiran magariba.

'Yan'uwana mata, na koyi cewa tsoron taɓa rai abu ne mai kyau, amma a tambaya tukuna a ji wane rai ake nufi. Saura kaɗan in hana jikata wata ƙofa saboda jin kunyar tambaya. Haihuwa saura wata biyu. Ba mu san ko zai dace ba, ku sa mu a addu'a.