Bobboyi Mai Haƙa Ɗakin Sanyi

Da an sallame sallar asuba Bobboyi zai saɓa daginsa ya bi lungunan unguwar Alkalawa a Yola, ba wanda ya kira shi, ba mai ce masa sannu. Gidajen da ya haƙa wa ɗakin ƙasa yake zagawa. Ya tsuguna ya kwashe ganyen da ya toshe hanyar ruwa, ya ƙwanƙwasa azara ya kasa kunne ko gara ta shiga, ya wuce. A da gida arba'in da ɗoriya yake dubawa. Yau uku suka rage.

Ni Deribe da na sa aka rubuta wannan, ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Shekara talatin ina dakon buhun gyaɗa a kwatar Jimeta, bibbiyu nake ɗauka. Agana ta kama ni ta sake ni. Kwalekwale ya kife da mu bakwai, ni kaɗai na fito. Irina ba ya yabon mutum da arha. Amma bazarar da aka sami mulkin kai, zazzaɓi ya kayar da ni a lokacin da ƙasar Yola ke ƙona tafin ƙafa, aka sauke ni a ɗakin da Bobboyi ya haƙa. Kwana tara na yi a ciki kamar an sa ni a randa, na fito da ƙafata.

Ga yadda yake aikinsa. Ba ya taɓa ƙasar gida sai ya yi damina guda yana kallon inda ruwa ke bi. Sannan ya haƙa rami iya ƙirjin mutum, ya yanka matakala, ya jera azarar giginya ya danne da ƙasa, ya kifa tukunya mai fasasshen gindi a sama don iska. Abin da ya fi damunsa shi ne ɗan lambatun da yake zagaye ɗakin da shi, cike da tsakuwa, mai janye ruwa zuwa bayan gida. Duk gidan da ya gama sai ya ce, "Ku taɓa komai, kar ku taɓa tsakuwar nan."

Gogo Sabuwa ta yi shekara ashirin a irin wannan ɗaki, ko tabarmarta ba ta taɓa jiƙewa ba. Da aka raba jihohi, ɗanta Jibrilla ya sami aikin akawu a Maiduguri. Ya zo hutu da baƙi, ɗayansu ya ga tsohuwa tana fitowa daga ƙasa ya yi dariya. Shi ke nan, kunya ta kama Jibrilla. Ya tayar mata da ɗakin kwano, ta ƙi komawa. Sai ya ce to a gyara tsakar gida ta yi kyau, ya kawo birkiloli suka malale ko'ina da siminti, har kan tsakuwar.

Bobboyi ya zo ya tarar ana shafe ta. Ina wurin.

"Jibrilla, a bar mini taki ɗaya nan. Ruwa ba shi da wata hanya."

"Baffa, zamani ya wuce nan. A Maiduguri haka ake yi."

"A Maidugurin akwai tudun bayan gidanku?"

Wani birkila ya ce, "Malam gafiya, matsa, kana taka mana aiki."

Na ce masa, "Kai, wanda kake kira gafiya ya yi ɗaki kafin a yi maka kaciya." Bobboyi ya riƙe mini hannu, muka fita.

Ruwan farko na damina, da la'asar, ya gangaro kan siminti ya bi matakala kamar an nuna masa hanya. Gogo ta fito ruwa iya gwiwa, riƙe da carbinta da tabarma. Kafin magariba labari ya gama Yola Gari cewa ramin Bobboyi ya kusa cinye tsohuwa. Ba wanda ya ambaci siminti. A wata guda gida goma sha ɗaya suka cike nasu. Na Gogo kuwa, Jibrilla ya ce wanda ya haƙa shi zai cike. Bobboyi ya zo ya cike. Gogo tana zaune a bakin ɗakin kwano tana cewa, "Bobboyi, ka yafe mana, ba ni ba ce." Shi dai yana zuba ƙasa yana cewa, "Na sani, Gogo."

Kai ne, Bobboyi, wanda bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba. Ni na yi ta faɗa a kasuwa har muryata ta dishe, aka ce tsohon ɗan dako ne, zafin kai ke damunsa.

Bazarar da ta biyo, Gogo ta kwanta. Ana jiƙa mata zane ana rufa mata, ya bushe kafin a ajiye ƙwarya. Ban ce zafin ɗakin ne ya tafi da ita ba, ajali ne. Amma da aka je maƙabarta, ƙasa ta yi taurin dutse, samari suka kasa. Jibrilla da kansa ya zo ƙofar Bobboyi, kansa a ƙasa, ya ce, "Baffa, ka taimaka. Ka nema mata wuri mai sanyi." Da ni ne, wallahi sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Bobboyi ya tashi ya bi shi, ya zaɓi gindin tsamiya, ya haƙa.

Mun gode, Bobboyi, ni da sauran waɗanda suka kwana a inuwar hannunka. Allah ya saka maka, tunda mutanen gari sun kasa. Ku kuma samarin Yola da Jimeta, bai mutu ba, yana nan Alkalawa, kuma bai taɓa hana kowa sani ba. Wani ya cire girman kai ya je ya tsuguna gabansa ya koya. In kun jira har sai kun buƙace shi irin yadda Jibrilla ya buƙace shi, lokacin hannunsa ya daina ɗagawa.