Baƙin Ƙwallon Dabino

Ƙwallon dabino idan ya faɗa garwashi wani ƙauri yake yi mai ɗan zaƙi, kamar sukarin da ya kama a gindin tukunya. Duk inda na shaƙi wannan ƙauri sai in ga kaina a saman rufin gidan da muka zauna a unguwar Tsohon Filin Jirgi, ina 'yar firamare, na naɗe ƙafafuna cikin zanin Iya, iskar sanyin Doha tana kaɗa kayan shanya a bayanmu.

Iya mahaifiyar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Ta zo mana ziyara ne a wani lokacin sanyi, sa'ad da Baba yake karatun digirinsa na uku. Kwananta kaɗan ta gaji da zaman falo da ƙarar talabijin.

"Garin da ba a hura wuta, a ina ake hira?" in ji ta.

Baba ya sayo mata kasko da gawayi, ya roƙi mai gadin gidan ya bar mana ƙofar sama a buɗe. Daga nan, da an idar da sallar Isha'i sai mu hau, ni da ƙanena Sadik da yaran maƙwabta. Cikinsu akwai Adiza, 'yar mutanen Kumasi da ke zaune a ƙasanmu, siririya mai manyan idanu, wadda ba ta cika magana ba. Iya takan gyara garwashi ta ce, "Ga ta nan tafe da sandarta." Mu kuwa mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Laraba mai kitso.

Laraba, in ji Iya, hannunta da sanyi yake, har yara sukan yi barci a cinyarta tana yi musu kitso. Sai magana ta tashi a gari cewa mayya ce, wai da nonon uwa ta sha maita, wai idan ta taka inuwar mutum ta kama kurwarsa ke nan, za ta riƙa tsotsarsa har ya bushe. Da Laraba ta ji, sai ta daina fita da safe ko da yamma. Sai rana ta take tsaka, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sannan take zuwa rijiya. Idan ta ga yaro ya ba ta sha'awa sai ta kawar da kai. Wata rana ɗan maƙwabciyarta ya kwanta ciwo, mutanen gari suka taru a ƙofar gidanta.

A nan Iya take tsayawa kullum.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Ni na sani? Ku ne mutanen garin. Ku tashi ku ƙarasa."

Wasan yana da ƙa'idojinsa, Iya kuma ba ta sassauta wa kowa. Takan zuba ƙwallayen dabino a cikin hular Baba, ɗaya daga ciki ta riga ta ƙona shi ya yi baƙi. Kowa ya rufe ido ya zara. Wanda ya ɗauki baƙin shi ne Laraba a wannan rana, ko mace ko namiji. Sauran mu mutanen gari ne, amma ba za ka tsaya haka kawai ba. Sai ka faɗi sunanka da sana'arka, da abin da kake so a duniya, da abin da kake tsoro. Laraba ma sai ta faɗi nata. Ba a duka, ba a jan riga. Hasken wuta yana shimfiɗa inuwoyinmu a kan siminti, idan Laraba ta taka inuwarka, sai ka kwanta ka yi shiru. Iya ce alƙaliya. Sau da yawa Sadik yakan rantse ba a taka tasa ba.

"Maigida, kwanta," takan ce masa. "Don kana mijina ba zan ci amanar gari ba."

Kafin mutanen gari su yanke hukunci, dole kowa ya zauna ya saurari Laraba har ta gama, ba mai katse ta. Wata rana mu kore ta, wata rana mu yafe mata, akwai ma ranar da muka naɗa ta sarauniya. Idan an gama sai Iya ta miƙo kwanon ruwa kowa ya wanke hannu, ta yayyafa sauran a kan garwashin, hayaƙi ya tashi.

"Wuta ta mutu, Laraba ta tafi gida," takan ce. "Wanda ya sauka da sunan nan a bakinsa, kada ya ƙara hawo mini nan."

Ranar da baƙin ƙwallon ya faɗo hannun Adiza, ba mu taɓa ganin wasa irinsa ba. Ba ta bi kowa da gudu ba. Rakuɓewa ta yi jikin tankin ruwa tana janye ƙafafunta kada ta taɓa inuwar wani. Sadik ne ya zo yana tsalle yana yi mata gwalo, har inuwarsa ta faɗa ƙarƙashin ƙafarta. Iya ta ce ya kwanta. Da aka ba Adiza damar magana sai ta dube mu da manyan idanun nan ta ce, "Ni ban kira shi ba. Na matsa har bango ya tare ni. Ina kuke so in sa ƙafata?" Na dubi Iya na ga tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe Sadik. An kai shi asibiti an ba shi magani, amma jikin bai sauka ba. Cikin zafin ciwo ya riƙa sambatu yana cewa, "Ta taka inuwata, ta taka inuwata." Mama ta kira yayarta a gida tana kuka. Ban ji abin da aka gaya mata ba, sai dai na ji Mama tana maimaitawa, "Ta tsallake shi? Shi ke nan zai tashi?" A garinsu haka ake yi. Wanda ake zargi da kama kurwa, akan kawo shi ya tsallake mara lafiyan don ya sake shi.

Mama ba muguwa ba ce. Ta yi karatu, ita ce ma take aika wa Adiza tuwo idan ta yi. Amma ta kwana biyu ba ta runtsa ba, Baba kuma yana makaranta. Ta sauka ƙasa, ta dawo tare da Adiza da mahaifiyarta. An shimfiɗe Sadik a kan darduma a tsakiyar falo. Mahaifiyar Adiza ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa kafaɗar 'yarta, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Maman Sadik, in wannan zai kwantar miki da hankali, to," in ji ta. "Adiza, cire takalmi."

Adiza ta sunkuya ke nan Iya ta fito daga ɗaki tana dafa bango.

"Bilki, kin san abin da kike roƙo kuwa?"

"Iya, ɗana ne," in ji Mama, kanta a ƙasa.

"Ni ma mijina ne. Amma duba nan. In yarinyar nan ta ɗaga ƙafa ita kaɗai, ya warke, a ce ta sake shi. Bai warke ba, a ce ta ƙi saki. Ta wace ƙofa kike so ta fita?"

Hawaye suka zubo wa Mama.

"Ni na ƙona ƙwallon, ni na raba shi," in ji Iya. "In akwai mai riƙe da kurwa a gidan nan, da ni za a fara. Takwara, zo ki ba ni kafaɗa."

Iya tana fama da ciwon gwiwa, hawa bene ma sai ta huta a hanya. Na ji nauyinta gaba ɗaya a kaina. Ta ɗage zani kaɗan, ta yi bisimilla, ta tsallake Sadik. Sannan ta ce in biyo ta. Ta ce Adiza ta biyo ni, mahaifiyarta ta biyo bayanta. Daga ƙarshe ta juya ga Mama.

"Saura ke, Bilki. Yalla, kamar yadda mutanen garin nan suke cewa."

Mama ta tsallake ɗanta, ta durƙushe a gefensa tana kuka.

Sadik ya warke. Ciwon maƙogwaro ne, maganin ne bai gama aikinsa ba. Ba wanda ya isa ya ce ƙafar wance ce ta tashe shi, domin ƙafafu da yawa sun bi ta kansa. Ba a taɓa kiran Adiza mayya ba, a gidan ko a makaranta. Wannan kam Iya ta tsare mata. Mama ta sauka ta ba da haƙuri, aka karɓa da fara'a, amma Adiza ba ta ƙara hawa sama ba. Wata rana da yamma muka haɗu a ƙofar gida, rana ta ja inuwata ta yi tsawo a kan titi. Na ga ta dubi ƙasa, ta kewaye ta a hankali, sannan ta gaishe ni ta wuce. Da shekara ta kewayo suka tashi zuwa wata unguwa, ban ƙara jin labarinta ba.

Iya ta ci gaba da yi mana tatsuniya har bizarta ta ƙare, amma ba ta sake ƙona ƙwallon dabino ba. Ta koma gida, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu ni ma jami'a nake a garin nan. Ni da wasu ƙawaye 'yan ƙasashe daban-daban mukan taru a gidan ɗaya daga cikinmu a unguwar Mansura mu yi wasan kwaikwayon masu shan jini, kowa ya yafa baƙin mayafi ya zama wani na 'yan sa'o'i. Ni suka ɗora wa jan wasan. Ban iya shi ta wata hanya ba sai ta Iya. Da ƙuri'a ake raba matsayi. Mai shan jini sai ta faɗa mana sunan uwarta da abin da take tsoro. Ba a yanke wa kowa hukunci sai an saurare ta, aminiyata kuma idan an kama ta, kwanciya za ta yi kamar kowa. Idan an tashi nakan kawo kwanon ruwa. Sukan yi mini dariya su ce, "Kalas, ai an gama," amma ba na barin kowa ta fita ba ta wanke hannu ba. Na ga yadda suna yake bin mutum ya sauka daga bene.

Na daɗe ina zaton Iya ce ta ƙirƙiri Laraba. Bara ne, muna cikin mota ni da Baba a cunkoson titin Mirƙab, nake ba shi labarin wasanmu ina dariya, har na ambaci sunan. Fitila ta ba mu hannu, ya ja mota.

"Laraba ai kakata ce," in ji shi. "Mahaifiyar Iya. Kitso take yi."

Ya ce an fito da ita gaban jama'a ta tsallake ɗan maƙwabciyarta, ita kaɗai. Yaron bai kwana ba, ya rasu. Kafin gari ya waye suka bar ƙauyen, ba su ƙara komawa ba. Iya a lokacin ba ta wuce shekarun Adiza ba, kuma ita aka ba takalman uwarta ta riƙe.